Liman, Ina Yaronka?



Da can, idan aka sallame Magariba a ɗan masallacinmu, duk wanda ka ga ya tsaya jiran liman, to tambayar addini ce ta tsayar da shi. Wani ya yi rafkanuwa a salla, wani rantsuwa ce ta kama shi, wani kuma rabon gado ne ya taso a gida yana son a duba masa. Har yanzu ana kawo irin waɗannan. Amma shekaru goman nan mun lura, yawancin masu tsayawa waya ce a hannunsu. A gaisa, a tambayi kasuwa da iyali, sai ka ji an ce: "Liman, ina yaronka? Wayar nan ce ta ƙi." Wani an rufe masa layi, wani ya tura kuɗi ba su isa ba, wani za a cika wa ɗansa fom, wani kwamfutar gidansa ce ta yi baƙi ƙirin ta ƙi tashi.

Ba mu ake nema ba, kowa ya san ba mu iya ba. Karatunmu na allo ne da Islamiyya, sai ɗan bokon da muka tsinta na rubuta Hausa da lissafin kasuwa. Turancinmu buroka ne, ya ishe mu cinikin albasa, bai ishe mu karanta abin da na'ura take rubutowa ba. Saboda haka mu ma masu neman taimako ne kamar kowa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, neman taimakon nan ya taɓa jefa mu cikin kunyar da ba za mu manta ba, kuma ba ma son wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Mun sauka Anacha a 1989, muna samari, muna yi wa wani maigida yaran albasa tsakanin bakin gada da kasuwar Ose. A wancan lokacin saƙon gida a hannun direba yake. Ka rubuta wasiƙa da ajami, ko ka naɗi muryarka a kaset, ka haɗa da kuɗin cefane ka ba direban da zai koma Arewa. Bayan sati biyu ko uku amsa ta dawo, ku taru a ɗaki ku kunna rediyo, ku ji muryar tsohuwa tana sa albarka. Idan rediyon ya cinye zaren kaset, biro kawai za ka sa ka naɗe shi. Gyaran na'urarmu ke nan gaba ɗaya. Direban kuma mun san shi, mun san garinsu, mun san ubangidansa. Idan saƙo ya ɓata, akwai wanda za a riƙe.

Wayar salula ta shigo a 2001. Da farko layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, sai dai a je wurin masu lema a bakin titi a biya kuɗin minti. Bayan rikicin Anacha na Fabrairun 2006 muka kwashe iyali muka dawo Fatakwal, wasu 'yan'uwa suka koma Inugu, wasu suka daure suka zauna. Tun daga nan zumuncinmu ya rabu gari uku, ga kuma na huɗu can gida wajen Ƙaura Namoda, kuma waya ce igiyar da ta ɗaure su. Ba mu san yawan nauyin da muka ɗora wa igiyar nan ba sai a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga. Makonni muka yi ba mu ji muryar tsohuwa ba, sai da muka koma bin direbobi kamar da.

Kada wani ya ce ai ganin dama ne, wanda ba ya so ya bari. Ba a bar mana zaɓi ba. A 2014 aka fito da BVN, duk mai ajiya a banki sai ya yi. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kira daga layukan da ba a haɗa ba. Sai ga canjin kuɗi, aka sake takardun N200 da N500 da N1,000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, har mai tsire da mai yankan farce suka koma karɓar tiransifa. 'Yan'uwanmu na Anacha da Inugu kuma, tun Agustan 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin, rabin cinikinsu ta waya suke ƙulla shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da fom, da lambar sirri, da Turancin da ba namu ba. Kowane ɗaya ya sa mun miƙa wa wani wayarmu mun ce, "Duba mini."

Jarrabawar JAMB ce ta kawo kwamfuta gidanmu. Babban ɗanmu zai zauna ta a 2015, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta na minti goma ba. Muka tsaga daga jari muka je Garrison muka sayo laftof ta hannu, irin wadda mutanen nan suke kira Beljiyam. Ranar da ta shigo gida, maƙwabta har leƙowa suke yi. Ba a yi wata uku ba batir ya mutu, sai an jona ta take aiki. Aka kawo wuta da ƙarfi wata rana, caja ta ƙone. Yara suka riƙa sa fulash ɗin abokai suna kwasar finafinai, ta kwashi cuta, takardun ciki suka ɓoye. Damina ta zo, kun dai san ruwan Fatakwal, laima ta shiga madannai wasu haruffa suka daina bugawa. A nan muka gane sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen wanda zai tsaya maka idan ta tsaya.

Idan muka duba gidajenmu, hanyar neman taimakon kusan iri ɗaya ce, ko a nan ne, ko a titin Bida a Anacha, ko a Ama Hausa ta Inugu. Da farko yaron gida. Idan ya kasa, sai mai cajin waya ko mai POS na bakin layi, wanda yake ɗan namu ne, yana jin Hausa. Idan shi ma ya kasa, sai kasuwar waya: Garrison a nan, Emeka Offor Plaza a Anacha, Ogbete a Inugu. Abin da ya shafi fom da rajista kuma, sai kafe. Wasu idan abin ya ci tura sukan kira ɗan'uwa mai gyara a Farm Centre ta Kano ta bidiyo, su haska masa wayar da ta lalace da wata wayar, yana cewa danna nan, danna can. Akwai ma masu ba direba wayar ya kai Kano, ta yi sati biyu a hanya, don kawai a can ne za su iya yin bayani da harshensu.

Gaskiya ɗaya ce, a kasuwannin nan akwai mutanen kirki. Wani mai gyara ɗan ƙabilar Ibo, da muka miƙa masa waya, da kansa ya zare sim da memori ya damƙa mana, ya ce kada mu ƙara barin su a hannun kowa, ko shi ɗin ne. Akwai kuma na banza, waɗanda za su cire maka batir mai kyau su sa gajiyayye. Amma haka kowace kasuwa take, har tamu ta albasa, inda ake jera manya a bakin buhu. Bambancin shi ne albasa mun san ta, ko a duhu muka taɓa buhu za mu faɗi abin da ke ƙasansa. Na'ura kuwa duk abin da aka faɗa mana sai mu ce to.

Ɓarnar da ta fi yawa ma ba ta mugunta ba ce, ta gaggawa ce da rashin fahimtar juna. Yaro ya je kafe, mai bugawa bai taɓa jin sunan Hausa ba, layi ya yi tsawo, ya buga abin da kunnensa ya ji. Sai ka tarar mutum ɗaya a NIN Muhammad ne, a banki Mohammed, a takardar makaranta Mamman. A nan an sa sunan uba, a can an sa sunan gari. Ranar haihuwa kuma wanda bai riƙe ba sai a buga masa 1 ga Janairu, gobe a wani ofishi a buga wata daban. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma daga layin da yaro ya tura saƙo zuwa 55019, to layin nan ya zama nasa a wurin hukumar, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Wani ɗan ƙanenmu a Inugu da layin mai kafe aka yi masa, imel ɗin ma mai kafen ne ya buɗe ya riƙe kalmar sirrin. Lokacin da ake buƙatarsu, shagon ya zama na sayar da taya, mutumin ya bar gari. Sai da uban ya rufe rumfa ya yi ta zirga-zirga kafin a warware. Laifin wa? Mu ne muka tura yaro shi kaɗai da kuɗi a hannu, muka zauna a kasuwa.

Shi kuma babban ɗan namu, daga koyon jarrabawa sai ya zama injiniyan unguwa ba tare da an naɗa shi ba. Yana cin abinci a kira shi. Yana karatu a kira shi. Ƙarfe goma na dare a buga ƙofa, Alhaji ya manta lambar katinsa. Ya ƙone datarsa, ya biya kuɗin mota zuwa Garrison, ya dawo a ce, "Allah ya yi maka albarka." Albarka kam muna so, amma da mai gyaran kasuwa ne ai da an biya shi ba ciniki. Mu da muke hawa mumbari muna maganar haƙƙin ɗan ƙwadago, ba mu taɓa lura ana cin haƙƙi a zaurenmu ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yaro ɗan shekara sha tara ya san lambar sirrin bankin dattawa fiye da goma, ya san abin da ke asusun kowa, ya ga saƙonnin da bai kamata ya gani ba. Allah ya tsare mana shi, bai taɓa ko kwabo ba. Amma ba adalci ba ne a ajiye nama a gaban yaro kullum a ce ana gwada tarbiyyarsa. Da ya samu karatu ya tafi Zariya, daga baya aiki ya riƙe shi a Kaduna, sai unguwa ta zama kamar an ɗauke wuta.

To, ga abin da ya same mu.

A Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar kuɗi. Bayan Isha'i waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muka ɗauka, mutum ya yi sallama cikakkiya, Hausarsa tsaf, ya ce, "Allah gafarta Malam, taron limamai ne za a yi yau da dare ta intanet kan halin da jama'a ke ciki. An turo muku lamba shida ta saƙo, ita ce ta shiga zauren. Ku karanto mini in sa sunanku." Muka duba, ga saƙo kuwa ya shigo, da Turanci, da lambobi shida. A ƙasansu akwai gargaɗin kada a ba kowa, amma wa ya karanta? An kira mu Malam, an ce taron limamai, rai ya ji daɗi. Muka karanta masa ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya yi godiya, ya yi mana addu'a, ya kashe.

Ba a yi awa ɗaya ba ladan ya buga ƙofa, ya ce, "Liman, wane asibitin ne? Me ya samu yaron?" Muka ce wane yaro? Ya nuna mana wayarsa. Ga hotonmu da rawani, ga sunanmu, ga saƙo da Hausa: ɗanmu na asibiti za a yi masa aiki cikin daren nan, manhajar bankinmu ta ƙi, a taimaka a tura ta wannan asusun, gobe za mu mayar. A kwanakin nan kowa bankinsa yana ƙi, don haka ba wanda ya yi mamaki. Saƙon ya shiga zauren masallaci, ya shiga na 'yan albasa, ya je Anacha, ya je Inugu. Muka buɗe WhatsApp a tamu wayar, ta ce an yi rajistar lambarmu a wata waya. Muka kira Kaduna sau biyar, wayar yaron a kashe. Garrison ta tashi. Mai cajin bakin layi ya rufe. Muka zauna bakin gado, gumi yana keto mana, muna ta salati.

Sai muka ji murya daga bakin labule: "Baba, ku ba ni wayar."

'Yarmu ce ta uku, lokacin tana da shekara sha bakwai. Wannan yarinya sau biyu tana roƙon mu bar ta ta shiga ajin koyon kwamfuta, sau biyu muna hanawa. Hujjarmu ita ce wurin a cakuɗe yake, kuma me mace za ta yi da kwamfuta? Laftof ɗin gidan ma mun ce ta maza ce. Muka ce, "Ke, wannan ba wasan yara ba ne." Uwarta ta ce, "Malam, ka ba ta." Muka miƙa.

Ta zauna a tabarma, ta sake sa lambarmu, wata lamba shida ta shigo ta saƙo, ta buga. Sai na'ura ta nemi wata lambar sirri ta biyu. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ɓarawon ya sa nasa makulli. Sai an yi kwana bakwai za ku iya shiga. Amma tunda sim ɗin yana hannunmu kuma na sa sabuwar lambar, shi ma an fitar da shi, ba zai ƙara tura saƙo da sunanku ba. Saura waɗanda ya riga ya tura wa." Ta ce ladan ya je ya kunna lasifika ya yi shela. Ta ce a kira shugabannin zauruka da kira na baki, kowa ya sanar a zaurensa. Ta ɗauko littafin makarantarta ta yage takarda, duk wanda ya kira ya ce ya tura, ta rubuta sunansa da adadin da lokacin, ta ce gobe da sassafe kowa ya je bankinsa da shaidar. Mu dai muna zaune muna kallo, kamar baƙi a ɗakinmu.

Kafin shela ta isa ko'ina, mutum tara sun tura. Jimilla N270,000. An je banki, an cika takardu, an ce za a bincika, amma kuɗin tun cikin dare aka kwashe su. Yawancin waɗanda suka tura 'yan kasuwa ne, suka ce sun yafe, ƙaddara ce. Ɗaya ce ta hana mu barci. Wata baiwar Allah ce mai sayar da abinci, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. Ranar ta kwashi adashi, N35,000, ta tura duka. Da muka je da uwargida ba ta haƙuri, ta ce, "Liman, ai ni ban duba lambar asusu ba. Fuskarka na gani." Mun mayar mata da kuɗinta daga jari, da ƙyar ta karɓa. Amma maganar tata ba ta bar mu ba har yau. Ɓarawon bai fasa ƙofa ba, bai san sirrin na'ura fiye da kowa ba. Amanar da jama'a suka ba mu ya ɗauka ya yi bara da ita, kuma mu muka miƙa masa da bakinmu.

Da ƙura ta lafa muka kira yarinyar muka ce, "A ina kika koyi wannan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "A laftof ɗin Yaya, idan kun tafi kasuwa. Da abin da ake koya mana a makaranta. Wanda ban gane ba in duba a YouTube." Uwarta ta karɓe zancen ta ce, "Malam, shekara biyu ke nan duk matan layin nan ita ke duba musu waya. Kai ne kaɗai ba ka sani ba."

A ranar muka ji abin da ba mu taɓa tambaya ba. Mu maza idan waya ta lalace mu sa a aljihu mu tafi kasuwa. Matar da ke cikin gida fa? Sai ta jira miji, shi kuma ya ce sai ya samu sarari, a yi wata guda. Ko ta ba almajiri ko ɗan maƙwabta ya kai wa wanda ba ta taɓa gani ba, da hotunanta na cikin ɗaki ba lulluɓi, da na 'ya'yanta mata, da saƙonninta da 'yan'uwanta, kuma dole ta faɗi lambar buɗewa. Uwargida ta ce akwai wadda bayan an kai wayarta gyara baƙuwar lamba ta dame ta da kira har sai da ta canza layi, kuma ba ta iya gaya wa mijinta ba don tsoron kada laifin ya dawo kanta. Akwai masu sana'ar cikin gida, masu turare da ɗinki da cincin, da kuɗinsu ke shiga asusun wani saboda ba su iya duba nasu ba. Muna cewa muna kare mutuncin iyali da muka hana 'ya mace koyo, ashe hanin ne yake fitar da sirrin gidajenmu zuwa teburin kasuwa. Da mata ba su da ungozoma a cikinsu, wa zai karɓi haihuwa? Wannan ma haka yake.

Ba mu ce intanet ba ta da sharri ba. Tana da shi, muna gani, kuma tsoron da iyaye ke ji ba na banza ba ne. Amma wayar tana hannun yaran ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Abin da ya rage mana shi ne su koya a gabanmu, ko su koya a bayan idonmu. A gidanmu yanzu laftof tana falo, fuskarta tana kallon ƙofa, mace da namiji kowa da lokacinsa.

Bayan sallar Juma'ar da ta biyo muka miƙe muka faɗa wa jama'a abin da ya faru, ba mu rage komai ba, har da daɗin da muka ji da aka ce taron limamai. Wasu sun yi dariya, ba laifi. Amma bayan an watse mutum huɗu suka same mu a gefe, kowa ya ce shi ma an taɓa yi masa, kunya ce ta hana shi faɗa. Ɗaya ma dattijo ne da aka kira aka ce daga banki ne za a rufe BVN ɗinsa, ya karanta lambobin katinsa gaba da baya. Da ya yi magana tun lokacin, wataƙila da mu ba mu faɗa ba. Shirun da muke yi shi ne jarin 'yan damfara.

Daga nan muka zauna da dattawan masallaci aka yi shawara. Ranar Asabar bayan La'asar samari biyu suna zama a ajin Islamiyya, duk mai matsalar waya ko kwamfuta ko fom ya zo. Ranar Lahadi da hantsi na mata ne, 'yarmu da wata ƙawarta suke zama, ba namijin da ke shiga. Aka sa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, mai taimako ba ya karɓar lambar sirrin kowa; idan an zo wurin, ya miƙa wa mai ita ya buga da hannunsa, shi ya kau da kai. Na biyu, ba a yi maka a ba ka, sai an nuna maka ka maimaita da yatsanka, ko sau nawa ne. Na uku, akwai gwangwani a bakin ƙofa, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa na data da ladan yaran, musamman da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar gilashi ko injin ciki, su raka mutum wurin mai gyaran da aka sani. Ba a rasa cikas ba. Wani sati ba wuta, wani sati ba kowa, akwai kuma dattawan da har gobe suna ganin raini ne yaro ya koya musu. Mu dai mun zauna a benci ɗaya da ɗalibanmu na hadda, 'yar cikinmu ta riƙe mana yatsa. Ba abin da ya ragu a rawaninmu.

Ga abin da muka koya, mai son ɗauka ya ɗauka. Duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, taka ce kai kaɗai. Banki ba ya kira ya tambaye ta, hukuma ba ta tambaya, taron malamai ba ya buƙatarta. Ka sa a kunna maka makulli na biyu a WhatsApp tun kafin wani ya sa maka nasa. Wanda ya nemi kuɗi ta rubutu, ko liman ne, ko mahaifinka ne, kira shi ka ji muryarsa. Kafin waya ta je gyara a zare sim da memori, a fita daga manhajar banki. Sim ɗin kansa a sa masa lambar kulle, domin wanda ya tsinci layinka yana iya taɓa asusunka ko da ƙaramar waya ce. Layin da aka yi rajistar banki ko jarrabawa da shi kada a bar shi ya mutu a aljihun tsohuwar riga, don idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sayar wa wani. Kowane gida ya samu littafi guda, a rubuta sunan kowa yadda yake a NIN harafi da harafi, da ranar haihuwa, da imel, da layin da aka yi rajista da shi, a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Idan yaro zai je kafe, babba ya bi shi, a karanta kafin a tura.

Saura magana ɗaya ga iyaye. Maƙwabtanmu Ibo suna ba da yaro ga maigida ya yi shekaru yana koyon sana'a, a ƙarshe a sallame shi da jari. Da yawan masu gyaran Garrison da Emeka Offor haka suka taso. Mu ma mun san wannan, ai haka muka koyi albasa da goro da shanu. Me ya hana mu kai yaro ɗaya ko biyu daga kowace unguwa su koyi gyaran waya da kwamfuta, maimakon duka su ƙare a turin baro da wankin takalmi? Iyayenmu da suka zo Kurmi ba su jin ko kalma ɗaya ta yaren mutanen nan, suka koya, suka yi ciniki, suka kafa unguwanni da masallatai, har Malam Umaru Altine ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ba na'urar da ta fi wannan wuya.

Har yanzu ana tsayawa bayan Magariba da waya a hannu, mu kuma mu ce a bari sai Asabar. Jiya ma wani dattijo ya ja mu gefe, muka ɗauka yaron zai tambaya. Sai ya rage murya ya ce, "Liman, ranar Lahadin nan, in turo tawa 'yar ita ma ta koya?" Muka ce ya turo ta, ya haɗo da uwarta.

Allah ya tsare mana amanarmu, ya shirya mana zuriya, ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu a inda muke neman abinci. Wassalamu alaikum.